Daidaita cajin dinamo a tsohuwar Land Rover

Tsofaffin Land Rover Series II da IIA da har yanzu ake gani a garajojin Damagaram, da yawansu dinamo Lucas C40 gare su, mai ba da ampa 22, da regilata RB106. Ba a jikin dinamon ake daidaita caji ba, a cikin akwatin regilata ne.

Kafin ka taɓa shi, duba kurwa, wato bel ɗin da ke juya dinamo. Danna ta da yatsa a tsakiya, ta lotsa kamar milimita 12. Duba sharbo, wato 'yan guntayen gawayin da ke cikin dinamo, ka goge jan ƙarfen da suke gogawa da tsumma mai ɗan esansi, don ƙurar hunturu tana taruwa nan. Sau da yawa matsalar a nan take ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, cire wayoyin A da A1 daga regilata, ka haɗa su da juna. Sa mitar awon volt tsakanin D da E na regilatan. Tayar da mota, ka ƙara wuta sannu a hankali har dinamo ya kai juyi wajen 3000 a minti. Allura za ta ɗan girgiza sannan ta tsaya. A zafin digiri 20 ana son volt 16.0 zuwa 16.6. Amma duk ƙarin digiri 10 ana rage 0.1, don haka a bazarar Zinder, da digiri 40, nemi 15.8 zuwa 16.4. Kada adadin ya tsorata ka: ba batir a layin, shi ya sa ya hau haka.

Sukurori biyu ne a bayan firam ɗin da ke cikin akwatin. Na gefen regilata shi ne naka; juya shi dama caji ya ƙaru, hagu ya ragu. Kaɗan-kaɗan fa, ɗan motsi yana canja da yawa. Ka gama cikin daƙiƙa 30, domin in waya ta yi zafi mita ƙarya za ta yi maka. In ba ka samu ba, kashe mota ka sha shayi, ka sake.

Ɗaya sukurun na kat-awut ne, makunnin da ke haɗa dinamo da batir, wanda ya kamata ya rufe tsakanin volt 12.7 da 13.3. In yana rufewa daidai, ƙyale shi.

Masu ƙara caji don fitila ta yi haske, batir suke dafawa: ruwansa ya ƙafe, dalmar cikin dinamo ta narke. Mayar da wayoyi, rufe akwatin da kyau saboda rairayi, bayan kwana biyu ka leƙa ruwan batir.