Yadda za ka shiga zaurukan Usenet ba tare da an gane ko kai waye ba

Jama'a, tun da aka rufe Twitter a Najeriya a watan Yunin 2021 kusan kowa a Kano ya iya kunna VPN, daga yaran Farm Centre har masu gyaran kwamfuta na Beirut Road, amma da yawa sun ɗauka da ka kunna shikenan ka ɓace. Wallahi ba haka bane, ballantana in zaurukan Usenet za ka shiga, tsoffin zaurukan muhawarar nan da Tom Truscott da Jim Ellis suka ƙirƙiro a Jami'ar Duke ta Amurka a 1979, har yau ana tafkawa a ciki kan kwamfuta da kimiyya da siyasa, kuma na rubutu zalla ko data basa ci.

Farko sai ka samu saba, wato kwamfutar intanet da za ta haɗa ka da zaurukan, don Google Groups ta daina ɗaukar sabbin saƙonnin Usenet tun 22 ga Fabrairu 2024. Akwai wata saba mai suna Eternal September, kyauta ce, imel kawai take nema. Dan Allah kar ka bata imel ɗinka na kullum wanda ke haɗe da lambar wayarka, layinka fa an ɗaure shi da NIN. Buɗe sabon imel ta cikin Tor Browser, burauzar da ke ɓoye daga inda kake shiga intanet, rijistar ma a can za ka yi.

Sai ka sauke Thunderbird, manhajar karanta imel da zaurukan Usenet, a laftof ka saka sunan sabar. In ka barshi a ƙofa (port) 119 komai a fili yake tafiya har fasuwod ɗinka, mai wayifai ɗin shago ma zai iya leƙawa in ya san hannunsa. Shiga saitin saba ka zaɓi SSL/TLS, lambar ta koma 563. Toh yanzu kamfanin layi baya ganin me kake karantawa, amma yana ganin wace saba ka je, ita kuma sabar tana ganin lambar IP ɗinka, wato adireshin layinka a intanet. A nan mutane ke tsayawa alhali rabin aikin kenan.

Ragowar na Tor ne. Ka buɗe Tor Browser ka barshi a kunne, ka koma saitin haɗi na Thunderbird ka zaɓi furoksi na hannu, wato hanyar da za ta bi da haɗinka ta cikin Tor, a gurbin SOCKS ka rubuta 127.0.0.1, ƙofa 9150, ka zaɓi SOCKS v5, sannan ka latsa ɗan akwatin nan na tura DNS, wato neman adireshin saba, ta cikin furoksi, in ka manta shi sunan sabar zai iya zurarewa ta layinka na yau da kullum. Kuma kar ka haɗa imel ɗinka na gaskiya a wannan Thunderbird ɗin, yi masa furofayil daban. Zai yi nauyi kam, sai haƙuri. Wasu sabobin basa yarda a tura saƙo ta Tor, in ka ci karo da haka VPN zai fisshe ka, sai dai ka sani kamfanin VPN ɗin ya san ko kai waye, na kyautan nan kuwa ni dai ban yarda da su ba.

Kafin ka yi magana a zaure na gaske, tura gwaji a alt.test, ka buɗe saƙon ka danna Ctrl da U ka karanta bayanan da ke saman saƙon layi-layi. Duba sunan da ya fito, duba ko IP ɗinka ya bayyana, duba agogo, +0100 ɗin da ke jikin lokacin kaɗai ya nuna yankin da kake, in ya dame ka mayar da agogon laftof ɗin zuwa UTC, agogon bai-ɗaya na duniya.

Sannan ka kula da bakinka. Ka gama ɓoye komai kazo kana cewa "mu nan Gwammaja an ɗauke wuta", ko ka yi amfani da laƙabin da ka saba sawa a Facebook, ai ka tona kanka. Saƙon Usenet da ya fita sabobi ne barkatai a duniya ke kwafarsa, yawancinsu kuma basa kula buƙatar gogewa, don haka ka karanta sau biyu kafin ka tura.