Baƙin lalle: kurakuran da ke ɓata hannun amare

Duk lokacin biki ko jajibirin Sallah sai an maimaita abu ɗaya: a zuba dayis na rinin gashi cikin lalle don zane ya fito baƙi ƙirin cikin minti 20. Ganyen lalle ba ya yin baƙi. Da ruwan goro yake farawa, ya nuna zuwa ja mai duhu bayan kwana 2, kuma sai ya ɗauki awa 4 zuwa 6 a fata kafin ya kama sosai. Baƙin nan aikin wani sinadari ne, PPD, wanda ko a rinin gashi Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba bayan an haɗa. Mai ƙunshi kuwa da ido take aunawa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ba ranar yake nuna illa ba. Sai bayan kwana 4 zuwa mako 2 ƙaiƙayi ya taso, fata ta kumbura ta yi bororo, sak da furen da aka zana. Kuma da zarar jiki ya ƙi PPD, ya ƙi shi har abada. Ran da kika rina gashi fuska na iya kumbura. Haba 'yar'uwa, kwalliyar mako ɗaya ce za ki saya da tabon shekaru? Kar ki ce min "ai na sha yi". Yawan yin ne ma ke jawo shi.

Ni dai ƙa'idata, a kwaɓa a gabana: garin lalle kore mai ƙanshin ganye, ruwan lemun tsami, ɗan sukari. Kwaɓin da ya zo a leda yana warin kananzir ko magani, a mayar.

Gwaji a bayan kunne na awa ɗaya ba ya wanke baƙin lalle daga zargi, tunda illar jinkiri take yi.

Kada a yi zane ranar da aka yi halawa ko dilka, fata a buɗe take. A bari kwana 2. Kan ƙurji ko yanka ma haka.

Jarirai kuwa ko jan lalle kada a sa musu. Ga yaron da ke da ƙarancin sinadarin G6PD, mai kare jajayen ƙwayoyin jini, lalle yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ya jawo shawara.

In bororo ya fito, a wanke da ruwa da sabulu, kada a fasa, kada a shafa man goge baki ko manja. A kai wa likita. Kumburin fuska ko sarƙewar numfashi kuwa, asibiti nan take.