Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura tiren kebul da yadda ake gyara su

Yawancin masu aikin wuta hankalinsu na kan kebul da akwatin rarraba wuta. Tiren da kebul ɗin zai kwanta a kai kuwa, kallon kantar ajiye kaya kawai ake yi masa, alhali shi zai ɗauki nauyin wayoyin shekara da shekaru cikin zafi da raɓa da ƙura.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen ƙarfen da bai dace da wurin ba. A ido, duk tire mai ruwan tutiya fari ne yana ƙyalli, amma iri biyu ne. Akwai wanda aka shafa wa fallen ƙarfensa tutiya tun kafin a yanka shi a huda. Kaurin tutiyar bai wuce kusan maikiron 20 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kuma bakin yankan ba shi da cikakken rufi. Wannan na cikin gini ne, inda babu danshi. Ɗayan kuma sai an gama ƙera shi ake tsoma shi ɗungurungum cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Salshiyas, ya fito da rufi ninki biyu ko fiye, har cikin ramukansa. Shi ne na waje. Na taɓa hawa rufin wata masana'anta inda aka sa na farkon a fili. Jan ruwan tsatsa ya zana layi a bango, da na dangwala sukudireba a gefen wani rami sai ƙarfen ya ɓare kamar ɓawo. Dole aka sauke kebul duka aka sake aikin. A bakin teku ko inda ake aiki da sinadarai, a nemi ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316, domin ya fi 304 jure gishiri, ko kuma tiren faiba, wato na roba mai haɗe da zaren gilashi.

Ko an sayi mai kyau, ana lalata shi a wurin aiki. An yanka, an ɗaura, an wuce. Duk inda aka yanka a goge kaifin da magagari, a shafa fenti mai tutiya, a sa roba a bakin da kebul zai bi, in ba haka ba ranar jan waya kaifin zai yage rigarta. Kada kuma a kwantar da tsirarar wayar tagulla a kan tiren alminiyum inda akwai danshi. Alminiyum ɗin ne zai cinye.

Sai zaɓen siffa. Mai kama da tsani na manyan kebul ne masu nauyi, saboda iska na ratsa shi. Mai huda-huda na matsakaita ne, mai raga kuma ya dace da wayoyin intanet. Mai rufaffen gindi yana kare ƙananan wayoyin sigina, amma yana tara zafi da ruwa. Kowanne aka zaɓa, kada a cika shi maƙil: kebul da aka jibga wani kan wani ba ya huce zafi, ƙarfin wutar da zai iya ɗauka yana raguwa. Wayoyin wuta da na sadarwa a raba musu tire, ko a sa shinge tsakaninsu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tiren ƙarfe da ba a haɗa da wayar ƙasa ba, wato ating. Rigar kebul ɗaya ta fashe, tiren gaba ɗaya ya ɗauki wuta, duk wanda ya dafa shi yana cikin haɗari. Kada a dogara da notin mahaɗa, wato inda tire biyu suka haɗu, musamman in akwai fenti a wurin. A tsallaka kowace mahaɗa da guntuwar waya, sannan a gwada da mita daga farkon layi har ƙarshensa.

Tazarar madogari, wato ƙarafan da ke riƙe tiren, ba da ido ake auna ta ba. Kamfanin da ya ƙera tiren yana ba da jadawalin nauyi da tazara, bisa gwaji irin na ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tiren kebul, IEC 61537. Mahaɗa ta fi ƙarfi idan ta faɗo wajen rubu'in tazarar daga madogari, ba a tsakiya ba. Kuma tire ba gada ba ce, kada kowa ya taka shi.

Manyan kebul masu jijiya ɗaya a haɗa su uku-uku a matse da maɗaurin da aka yi domin haka. Idan wuta ta haɗu, fizgar da suke yi tana tsinka igiyar roba nan take. Inda tire ya ratsa bango kuwa, a toshe ramin da abin toshi mai jure gobara, domin ta nan hayaƙi da wuta ke bi su shiga ɗaki na gaba.