Yadda za ka samu barci mai kyau ka kuma tsara yininka a jirgin ruwan shaƙatawa

Abu na farko da ya kamata ka sani, jirgin nan fa ba ya barci. Ƙarfe 2 na dare za ka fito ka tarar fitilu tar, ana kiɗa a wani hawa, wasu na cin abinci, ma'aikata na goge ƙasa, kuma babu mai ce maka malam je ka kwanta. Toh mutum ya biya kuɗinsa ya zo hutu, sai ya ga kamar in ya kwanta ya yi asara, haka zai yi ta bin shirye-shirye ɗaya bayan ɗaya kwana biyu kwana uku, ana shiga na huɗu jiki ya ce bai san zancen ba, sai ka ganshi a gari irin Barselona ko tsibirin Santorini yana tafe yana hamma ido jajir, abin da ya zo gani ma ba ya ganinsa. Ni abin nan yana damuna gaskiya, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda nake yi.

Maganar barci tun wurin zaɓen ɗaki take farawa, tun ba ka ga jirgin da idonka ba. Kowane kamfani yana saka taswirar jirginsa hawa-hawa a intanet, ka buɗe ta ka nemo lambar ɗakin da za a ba ka, sannan ka duba abin da ke samansa da abin da ke ƙarƙashinsa. In ɗakunan kwana ne sama da ƙasa, alhamdulillahi ka dace. In kuwa wurin ninkaya ne a samanka, ka shirya, tun asuba ma'aikata za su fara jan kujeru suna jerawa, ƙiiii ƙiiii a kan ka. In wurin cin abinci na ɗebi-da-kanka ne ko kicin, kekunan kwanuka ne za su riƙa wucewa, in gidan rawa ne a ƙasanka kuma dum-dum ɗin nan har cikin filo za ka riƙa jinsa. Bakin lifta ma ban cika so ba, don nan masu dawowa tsakar dare suke tsayawa su ƙarasa hirarsu.

Sai kuma inda ɗakin yake a tsawon jirgin. Tsakiya, a hawa na ƙasa-ƙasa, shi ne inda motsi ya fi sauƙi, kamar dai lilon katako ne, bakin nan biyu su ke sama da ƙasa, tsakiya na nan daram. Can gaba wurin hancin jirgi ya fi ko'ina tsalle in teku ta tashi, kuma nan sarƙar anga take, da ƙananan farfelolin da ke tura jirgin gefe in zai raɓa tasha, ga shi yawanci da sassafe ake isa, wajen ƙarfe 6 ko 7, ƙarar kuwa ko mai nauyin barci sai ta tashe shi. Baya kuma akwai ɗan girgizar inji, wasu na son ta sun ce ita ke sa su barci, wasu ko kaɗan ba sa jurewa, wannan kam kai ka san jikinka.

Ɗakin ciki wanda ba shi da taga ya fi araha, kuma wallahi barcin cikinsa akwai daɗi, amma yana da tarko. Kana kashe fitila duhu ne na ko tafin hannunka ba ka gani, kuma haka zai zauna har azahar. Tafiyata ta farko na farka a irin ɗakin nan jikina na gaya min dare bai ma raba ba, na laluba na ɗauko agogo, ƙarfe 11 saura, jirgi ya tsaya tun ƙarfe 8, motar da za ta kai mu yawo ta daɗe da tafiya, garin da na fi ɗokin gani a duk tafiyar awa uku kawai na samu a cikinsa, har yau abin na min ciwo. Dalili shi ne haske ke saita agogon da ke jikin ɗan Adam, in ido bai ga hasken safiya ba ƙwaƙwalwa ba ta san gari ya waye ba. Maganin abin ba wuya: a yawancin jirage akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna kyamarar gaban jirgi, ka bar ta a kunne ka kashe murya, da dare allon baƙi ne, gari na wayewa zai fara haske a hankali kamar taga. Ka haɗa da alam, kuma kana tashi kar ka tsaya juyi a gado, wanke fuska ka haye sama ka sha iska da rana ko na minti 15 ne.

Yanzu maganar da ta fi komai muhimmanci, agogon jirgi. Jirgi yana da lokacinsa da kyaftin ya tsayar, kuma ba kullum yake daidai da lokacin garin da kuka sauka ba, an fi samun haka a yankin Karibiyan da gaɓar Meziko. Wayarka kuwa tana kama sabis ɗin garin za ta canja lokaci da kanta ba tare da ta tambaye ka ba, kai kana ganin saura awa guda ashe lokaci ya riga ya cika. Don haka tun ranar farko ka shiga saitin ka kashe canjin lokaci na otomatik, ko ma ka ɗaura agogon hannu na gargajiya ka saita shi da na jirgi. A bakin ƙofar fita ana rubuta lokacin da kowa zai dawo, galibi minti 30 kafin tashi, ka ɗauki hoton allon da waya. In yawon da kamfanin jirgin ya shirya ka bi kuka makara za a jira ku, in kuwa gaban kanka ka fita, ba lallai a jira ka ba. Na taɓa tsayawa a baranda ina kallon wani magidanci da matarsa suna gudu a kan gadar tasha, ledoji a hannu, ita ta cire takalmi ta riƙe, an riga an kwance igiyoyi ruwa ya shiga tsakani, suka tsaya cak suna ɗaga hannu. Ban ji daɗin ganin abin ba ko kaɗan.

In tafiyar ta tsallaka teku ce, agogon ma canjawa yake a hanya. Tsakanin Southampton a Ingila da New York a Amurka bambancin awa 5 ne, jirgi irin Queen Mary 2 yana yin tafiyar a kwana 7, to ana raba awoyin nan ne ɗaya-ɗaya. Mai tafiya yamma agogo baya ake mayarwa, yininsa ya zama awa 25, ya samu ƙarin barci a ɓagas. Mai tafiya gabas kuma gaba ake turawa, yini ya koma awa 23, kuma in bai riƙa matso da lokacin kwanciyarsa kaɗan-kaɗan ba, kafin a isa bashin barci ya taru masa. Ana sanarwa a takardar shirin gobe, ka gyara agogo kafin ka kwanta, kar ka bari sai safiya.

In jirgin sama za ka hau zuwa inda za a tashi, misali Mayami ko Barselona ko Civitavecchia da ke kusa da birnin Rum, don Allah ka isa ana gobe tafiya, ka kwana a otal. Ka huce gajiya, jikinka ya fara sabawa da sabon lokaci, kuma ko jirgin sama ya yi jinkiri ba ka rasa na ruwa ba. Ranar shiga ɗin ma ba ta kwanciya ba ce, don akwai atisayen gaggawa da dole kowa ya yi, a nuna maka wurin taruwarka da yadda ake saka rigar ceto. Bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012 aka tsaurara dokar, daga 2015 ya zama dole a yi shi kafin tashi ko ana tashi nan take. Ka gama da shi da wuri, ka zazzage kaya ka tura akwati ƙarƙashin gado, daren farko kuma ka kwanta da wuri, abubuwan nan duk suna nan gobe.

Tsarin yini kuwa, ni abu ɗaya kawai nake riƙewa da ƙarfi, lokacin tashi. Na tsayar da ƙarfe 7 toh ƙarfe 7 ne, ko ranar sauka gari ce ko ranar da za a wuni a teku, in na ƙara ma bai wuce awa ɗaya ba. In ka riƙe wannan, lokacin kwanciya da kansa yake daidaita, don barci zai zo ya same ka. Kuskuren da aka fi yi shi ne ranar teku a kwanta har 12 na rana, da dare ido ya bushe har 3, washegari kuma ga yawon da zai tashi ƙarfe 8, shikenan an rikita sauran kwanakin.

Kowace yamma za a kawo maka takardar shirin gobe ɗaki, ko ka ganta a manhajar jirgin, shirye-shirye ne rututu har ido ya ruɗe. Ka zauna da ita minti 5 kafin ka kwanta, ka zaɓi biyu ko uku da ranka ke so da gaske, sauran ka bar su. In gobe da fita da sassafe, yau ba daren kallon wasan ƙarfe 11 ba ne, ka ajiye raba dare sai daren da gobensa teku ce. Abincin dare a babban ɗakin cin abinci yawanci zama biyu ne, na wajen 6 da na wajen 8, mai son kwanciya da wuri ko mai yara ya ɗauki na farko, don ka tashi daga tebur ƙarfe 10 ciki dam ka faɗa gado ƙwannafi ne zai hana ka runtsawa. Kofi na nan ko'ina kuma a nan ake zarcewa, alhali bayan wajen awa 5 rabin sinadarinsa na nan a jini, ni daga ƙarfe 2 na rana na sallame shi. Ƙailula kuma tana da kyau sosai, musamman in ka dawo daga yawo a rana, amma minti 20 zuwa 30, ka saka alam, kuma kar ta kai yamma liƙis. Sannan ka motsa jiki, ka riƙa hawa matakala maimakon lifta, ka zaga filin sama da safe.

Masu zuwa arewacin duniya da bazara nasu daban ne, matsalarsu rana ce ta ƙi faɗuwa. A Tromsø ta ƙasar Norway daga ƙarshen Mayu har cikin Yuli rana ba ta faɗuwa sam, a Juneau ta Alaska ma hasken yini na kaiwa wajen awa 18 a watan Yuni. Ƙarfe 11 na dare za ka ga gari kamar la'asar, jiki ya ƙi yarda dare ya yi. Ka tafi da abin rufe ido, da 'yan maƙalan shanya biyu uku ka haɗe bakin labule da su, kuma ka ja labulen tun awa ɗaya kafin kwanciya ka rage fitilu.

Jiri da tashin zuciya su ma suna taɓa barci ta hanya biyu. In teku ta tashi, ka fita inda iska take ka kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, ka ci abu mara maiƙo kaɗan-kaɗan, citta na taimaka wa wasu. Magungunan jirin kuma, irin su dimenhydrinate da meclizine, suna kawo barci da kasala, shi ya sa wasu ke shan su da dare. Akwai kuma filastar scopolamine da ake mannawa a bayan kunne tana aiki har kwana 3, tana busar da baki, kuma ba kowa ta dace da shi ba. Ka ga likita tun kana gida, musamman in kana shan wani magani ko mace na da juna biyu.

Ɗakin jirgi ƙarami ne, in ku biyu ne ko da yara sai an yi yarjejeniya tun farko, mai tashi da wuri ya haɗa kayan da zai saka tun dare ya fita a hankali, mai dawowa a makare ya yi amfani da hasken waya, ƙofofin nan nauyi gare su a riƙe su kar su bugu, maƙwabta ma na barci. Abin toshe kunne kar ya bar jakarka. Mai amfani da injin numfashi na barci ya sanar da kamfanin tun kafin tafiya don a tanadar masa ruwan injin da wayar wuta, don irin soket ɗin jonawa na gida yawanci ƙwace shi ake a wurin bincike. In kana da baranda, na san daɗin kwana kana jin ƙarar ruwa, amma a jirage da yawa kana barin ƙofar a buɗe esi zai ɗauke, ɗakin ya yi gumi, gara ka sha iskarka ka rufe.

Daren ƙarshe ana so ka fito da manyan akwatuna bakin ƙofa kafin ka kwanta, kuma da safe wajen ƙarfe 8 ake so a bar ɗaki. Ka fara haɗa kaya tun da rana, ka ware kayan da za ka saka gobe da fasfo da magani da caja a ƙaramar jaka. Bayan ka sauka kuma in ka kwanta ka ji gado na lilo kamar har yanzu kana kan ruwa kar ka tsorata, yawanci cikin kwana ɗaya biyu yake wucewa, in ya ɗauki makonni bai daina ba toh ka je asibiti a duba ka.