Yadda Ake Kula da Kifin Betta da Lafiyar Fukafukansa

Abin da ke fara jan hankalin mai sayen kifin betta, wani ƙaramin kifin ado da ake kiwo a gida, shi ne jelarsa da fukafukansa masu baza kamar mayafi, kuma su ne abin da ke fara lalacewa idan aka yi sakaci. A mafi yawan lokuta, idan ka ga gefen jelar ya fara yin baƙi ko yana zaizayewa, laifin yana cikin ruwan da kifin ke zaune a ciki, don haka can ya kamata a fara duba kafin a nemi magani.

Asalin wannan kifi, wanda masana ke kira Betta splendens, daga ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, inda yake rayuwa a gonakin shinkafa da fadamu masu ruwa mai ɗumi marar gudu. Yana da wata gaɓa ta musamman a cikin kansa da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Wannan baiwa ce ta sa mutane da yawa suke zaton zai iya rayuwa cikin ƙaramin kofi ko kwalba, kuma lallai yana iya jurewa na ɗan lokaci, amma fukafukansa su ne ke biyan kuɗin wannan juriya. Akwatin gilashi mai ɗaukar aƙalla lita 20 shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace, da murfi a kansa, domin kifi ne mai tsalle.

Zafin ruwan ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Selsiyas, ba tare da hawa da sauka ba. Idan ruwan ya yi sanyi, garkuwar jikinsa takan yi rauni, sai ka gan shi ya kwanta a ƙasa ya naɗe fukafukansa a jiki kamar wanda zazzaɓi ya kama. Saboda haka a sanya ƙaramar hita da ma'aunin zafi, a kuma riƙa duba shi kullum.

Batun da ya fi kowanne muhimmanci shi ne tsaftar ruwa ta fuskar sinadarai, wadda ido ba ya gani. Kashin kifin da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, wadda guba ce. A cikin matatar ruwa akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniya zuwa naitarait, sannan zuwa naitaret wanda illarsa ta fi sauƙi. Kafin waɗannan ƙwayoyin su kafu sosai a sabon akwati, akan ɗauki makonni huɗu zuwa shida, kuma a wannan tsakanin ne yawancin sababbin masu kiwo ke rasa kifinsu. Da kayan gwajin ruwa za a tabbatar amoniya da naitarait suna sifiri, naitaret kuma bai wuce miligiram 20 a kowace lita ba. A riƙa canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, a zuba maganin kashe kulorin a cikin sabon ruwan, a kuma daidaita zafinsa da na tsohon. Soson matatar a wanke shi da ruwan da aka ɗebo daga akwatin, domin ruwan famfo mai kulorin yana kashe ƙwayoyin masu amfani, sai a koma gidan jiya.

Matatar ma a rage mata ƙarfi. Nau'in bettan da jelarsa ke buɗewa kamar rabin wata yana jan nauyi mai yawa a bayansa, kuma ruwa mai ƙarfin gudu yana gajiyar da shi har ya yage masa jela. Kayan ado na roba masu kaifi ma suna yin irin wannan ɓarna. Hanya mai sauƙi ta gwada su ita ce a goga siririn yadi a jikinsu. Duk abin da ya kama zaren ko ya ja shi, zai yaga jelar kifin. Tsirrai masu rai ko na siliki sun fi aminci.

Yana da kyau mai kiwo ya iya bambanta yagewa da ruɓewa. Yagewa takan zo farat ɗaya, gefenta a tsaftace, launinta bai canza ba. Wani lokaci kifin da kansa yake cizon jelarsa saboda damuwa ko nauyinta, sai ka ga an gutsire wani yanki mai zagaye. Ruɓewa kuwa, wadda bakteriya irin su Aeromonas da Pseudomonas ke haddasawa, tana tafiya a hankali: gefen ya yi baƙi ko ja ko fari, ya zama kamar tsumma, kullum yana ƙara matsowa kusa da jiki. Ɗaukar hoton kifin sau ɗaya a mako yana taimakawa ƙwarai, domin idon da ke ganinsa kullum ba ya lura da ƙaramin canji.

Idan ruɓewar tana matakin farko, tsaftataccen ruwa mai ɗumi shi ne maganin da ya fi inganci: a canza kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan kwana biyu har a ga ta tsaya. Wasu suna ƙara busasshen ganyen katapa, wato bishiyar almon ta Indiya, wanda ke rina ruwan ya yi kalar shayi, kuma masu kiwo a Tailan sun daɗe suna amfani da shi. Ana iya amfani da gishirin akwatin kifi, cokalin shayi ɗaya ga lita huɗu, amma kada a wuce kwana goma. Idan ruɓewar ta kai gindin jela, ko aka ga wani farin abu kamar auduga a jikinsa, to lokacin amfani da magani ya yi, kuma gara a nemi shawarar likitan dabbobi da a riƙa haɗa magunguna barkatai.

Abinci kaɗan ya isa, ƙwayoyi biyu zuwa huɗu sau biyu a rana, masu yawan furotin domin shi maci ƙwari ne, a kuma cire duk abin da ya rage. Kada a haɗa maza biyu a akwati ɗaya, kuma a nisanta shi da kifaye masu cizon jela.

Idan jelar ta fara warkewa, za a ga wani siririn gefe mai haske kamar leda yana fitowa. Mutane da yawa sukan ɗauka wata cutar ce su sake zuba magani, alhali sabon tsiro ne, kuma launinsa zai dawo cikin makonni idan aka bar ruwan a yadda yake.