Yadda Ake Sayen Tikitin Sabuwar Kakar Wasan Kwaikwayo Idan An Sauya Daraktan Fasaha

Manyan gidajen wasan kwaikwayo ba sa tsara wasanninsu ɗaya bayan ɗaya yadda hali ya yi. Suna tara jerin wasanni na watanni da dama, su sanar da su a lokaci guda, kuma wannan jerin shi ake kira kakar wasanni. Mutumin da ke da wuƙa da nama wajen zaɓen abin da zai shiga kakar shi ne daraktan fasaha: shi ke zaɓen marubuta, shi ke gayyato masu ba da umarni, shi kuma ke yanke shawarar wasan da zai hau babban dandamali da wanda za a kai ƙaramin zaure. Saboda haka duk lokacin da aka naɗa sabon darakta, abin da ɗan kallo ya saba dogara da shi wajen sayen tikiti yakan ɗan girgiza, domin sunan gidan yana nan yadda yake, amma hannun da ke zaɓen wasannin ya sauya.

Abu na farko da ya kamata ka tantance shi ne ko kakar da aka sanar ta sabon daraktan ce da gaske, ko kuwa ragowar shirin wanda ya gada ce. Wasa guda yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu ana shirinsa kafin ya kai ga dandamali, don haka sabon shugaba yakan tarar da alƙawura da kwangilolin da ba shi ya ƙulla su ba. A National Theatre da ke Landan an sanar da naɗin Indhu Rubasingham a watan Disamba na 2023, amma sai a 2025 ta karɓi ragama daga Rufus Norris, wanda ya riƙe gidan tun 2015. Haka kuma Daniel Evans da Tamara Harvey sun kama aiki tare a matsayin daraktocin fasaha na kamfanin wasan kwaikwayo na Royal Shakespeare Company da ke Ingila a watan Yuni na 2023, kakarsu ta farko kuwa sai a 2024 ta zo. Idan burinka shi ne ka ga salon sabon shugaba da idonka, to ka duba sanarwar da kyau ka gano wasan da shi da kansa zai ba da umarninsa, da kuma marubuta da masu ba da umarnin da ba su taɓa aiki a gidan ba sai yanzu. A nan ne alƙiblarsa take bayyana.

Kada ka raina tasirin wannan sauyi. A gidan wasan Globe na Landan, Emma Rice ta fara aiki a 2016 ta shigo da fitilu da na'urorin ƙara sauti na zamani cikin ginin da aka yi shi don kwaikwayon dandamalin zamanin Shakespeare, kuma kafin shekarar ta ƙare aka sanar cewa za ta bar muƙamin a 2018, inda Michelle Terry ta gaje ta. Wasu 'yan kallo sun so abin da ta kawo ƙwarai, wasu kuma sun ji kamar an karɓe musu gidan da suka sani. A gidan wasan Volksbühne na birnin Berlin, darakta Frank Castorf ya sauka a 2017 bayan shekara 25, wanda ya gaje shi, Chris Dercon, bai cika shekara guda da buɗe kakarsa ba ya ajiye aiki a watan Afrilu na 2018. Darasin da mai sayen tikiti zai ɗauka a nan mai sauƙi ne: kafin ka zuba kuɗi a kan kaka gaba ɗaya, ka bincika ayyukan da sabon daraktan ya yi a gidan da ya baro, ka karanta sharhin da aka yi a kansu, ka kuma saurari hirar da yakan yi da manema labarai ranar sanarwa, domin a nan yakan faɗi irin wasannin da yake ƙauna da irin 'yan kallon da yake son jawowa.

Bayan ka fahimci kakar, sai batun ranakun sayarwa. Yawancin manyan gidaje ba sa buɗe sayar da tikiti ga kowa a rana ɗaya. Ana farawa da masu tallafa wa gidan da gudummawa mai tsoka, sai mambobi bisa matakinsu, sannan a buɗe wa sauran jama'a bayan kwanaki ko makonni. Ka rubuta ranar da ta shafe ka, har da sa'ar, kuma idan gidan yana wata ƙasa ka lissafa bambancin agogo. Ka buɗe asusu a shafin gidan tun kafin ranar, ka tabbatar kalmar sirrinka tana aiki, ka kuma gwada cewa katin bankinka zai karɓu, musamman idan biyan zai kasance da kuɗin wata ƙasa. Ranar da aka buɗe sayarwa akan sa mutane a layin jira na intanet, kuma idan ka zaɓi kujera akan riƙe maka ita na 'yan mintuna kaɗan kawai. Wanda ya tsaya neman lambar katinsa a wannan lokacin yakan ɗago ya tarar kujerar ta koma kasuwa.

Shin ya dace mutum ya biya kuɗin zama mamba don ya riga jama'a? A ganina amsar ta dogara ne da yawan wasannin da kake niyyar gani da kuma ƙarancin kujerunsu. Wanda zai ga wasa ɗaya a babban zaure ba ya bukatarsa, amma wanda ya ƙwallafa rai a kan wasanni uku ko huɗu, ɗayansu kuma a ƙaramin zaure da fitaccen jarumi, kuɗin mamba yakan biya kansa. Akwai kuma tsarin sayen kaka dungurungum, wanda ya yaɗu a Amurka da Jamus, inda kake biya sau ɗaya ka samu kujera a wasanni da dama da rangwame. Tsari ne mai kyau ga wanda ya riga ya amince da zaɓin gidan. A shekarar farko ta sabon darakta kuwa, ni na fi son ƙaramin ƙunshi, wanda ke ba mutum damar zaɓen wasu wasannin ya bar wasu, har sai ya ga kamun ludayin sabon shugaban.

Ba kowane wasa ne ke bukatar gaggawa ba, kuma sanin wanda zai ƙare da wuri shi ne rabin aikin. Abubuwa uku ne ke sa tikiti ya ƙare: ƙanƙantar zaure, gajartar lokacin nunawa, da sunan jarumi. A National Theatre, zauren Olivier yana ɗaukar mutum fiye da 1,100, Lyttelton kusan 890, Dorfman kuwa bai kai 500 ba, don haka wasan da za a yi na makonni shida a Dorfman yana da kujerun da ba su kai rabin na irinsa a Olivier ba. Ka ƙara da cewa wasan buɗe kaka na sabon darakta yakan ja hankalin 'yan jarida da ma'abota harkar baki ɗaya. Ka jera wasannin da kake so bisa wannan ma'auni, ka fara da wanda ya fi haɗarin ƙarewa, ka kuma tanadi ranaku biyu ko uku ga kowanne, domin idan ranar farko ta cika kada ka tsaya tunani agogo yana tafiya. Wasu gidajen suna nuna wasanni biyu ko uku bi da bi a zaure ɗaya, yau wannan gobe wancan, saboda haka kada ka ɗauka cewa wasan da aka ce zai yi wata uku ana yin sa kowane dare.

Zaɓen rana ma yana da nasa ilimin. Kwanakin farko na kowane sabon wasa na share fage ne, kafin daren da ake gayyatar masu sharhi na jaridu. A waɗannan kwanaki mai ba da umarni yana zaune a cikin zauren da takarda a hannu, yana iya yanke wani fage ko ya sauya wani kafin washegari, kuma tikitin yakan fi sauƙi. Wanda ke son ya ga wasa yana kan ginuwa zai ji daɗinsu, amma wanda ke son aikin da ya nuna sarai gara ya jira bayan daren 'yan jarida. Matsalar jiran ita ce idan sharhi ya yi kyau, sauran kujerun sukan tafi cikin kwana ɗaya ko biyu. Dabarar da nake bi ita ce in sayi tikiti tun da wuri, amma na ranar da ke mako na uku ko na huɗu, lokacin da 'yan wasa suka saba da juna kuma gajiya ba ta kama su ba. Daren tsakiyar mako da wasan rana sun fi daren Juma'a da Asabar samuwa.

Sai kujera, kuma a nan ne mutane suka fi yin nadama. Na taɓa sayen tikiti a wani tsohon gidan wasa, na ga kujera a gefen bene tana da arha na yi wuf na ɗauka ba tare da na karanta ɗan rubutun da ke ƙarƙashinta ba. Da na zauna sai na tarar ƙarfen kariya ya ratsa tsakiyar dandamalin a idona, kusurwar hagu kuma ba na ganinta sam, alhali a can aka ajiye teburin da rabin wasan ya gudana a kansa. Sa'a biyu da rabi na yi ina miƙa wuya ina jin muryoyin mutanen da ba na gani. Gidan bai ɓoye komai ba, sun rubuta cewa ganin bai cika ba, ni ne na yi gaggawa. Tun daga ranar nake buɗe taswirar zauren in duba inda ginshiƙai suke, da inda bene ya rufe saman dandamali ga na layukan baya. Layin farko ma ba shi ne mafi kyau ba a ko da yaushe, domin idan dandamalin yana da tsawo za ka wuni kana ɗaga kai, ƙafafun 'yan wasa kuma ba za ka gan su ba. Idan sabon wasa ne wanda ba a gama gina kayan dandamalinsa ba, gidan yakan riƙe wasu kujeru har sai an tabbatar ana gani daga cikinsu, sannan a sake su daf da buɗewa. Yana da kyau a riƙa leƙawa a wannan lokacin. A Globe kuma akwai tikitin tsayuwa a filin da ba shi da rufi, ana ruwa ana iska wasa yana ci gaba, don haka mai ciwon ƙafa ko baya ya yi wa kansa adalci ya nemi wurin zama.

Mai bukata ta musamman ya tuntuɓi gidan kai tsaye kafin ranar sayarwa. Wuraren keken guragu ƙalilan ne, kuma wasannin da ake fassarawa da yaren kurame, ko ake rubuta maganganunsu a allo, ko ake bayyana wa makafi abin da ke gudana ta na'urar kunne, sau ɗaya ko biyu ake yin su a tsawon nunawar. Gidaje da yawa suna da rajista ta musamman da ke ba wa mai rakiya tikiti kyauta ko da rangwame. Mai zuwa da yara kuma ya duba shekarun da aka ba da shawara da gargaɗin abin da wasan ya ƙunsa.

Kafin ka danna biya, ka karanta sharuɗɗa. A mafi yawan gidaje ba a mayar da kuɗi sai idan an soke wasan, amma da yawa suna yarda a sauya rana ko a ajiye maka kuɗin a asusunka idan ka sanar kafin wa'adin da suka gindaya. Ka sani kuma cewa tikitinka na wasa ne, ba na jarumi ba: idan fitaccen ɗan wasan ya kamu da rashin lafiya, wanda ke zaman ko-ta-kwana zai hau matsayinsa, kuma a gidaje da yawa wannan ba ya cikin dalilan mayar da kuɗi. Idan saboda mutum ɗaya za ka yi doguwar tafiya, ka duba ko an bayyana ranakun da ba zai fito ba, domin akan rubuta su tun farko idan an san da su.

Ka sayi tikiti daga shafin gidan ko daga dillalin da gidan ya ambata da kansa. 'Yan baranda na intanet sukan biya kuɗi don shafinsu ya fito a saman sakamakon bincike, da suna mai kama da na gidan, su sayar da tikiti ninki biyu ko uku, wani lokacin ma tikitin da ba su mallaka ba tukuna. Gidaje da dama suna soke tikitin da aka gano an sake sayar da shi ta wannan hanya, kuma mai riƙe da shi ne ake tsayarwa a ƙofa.

Idan aka ce tikiti ya ƙare, ba a rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Mutane suna mayar da nasu kullum, musamman a makon wasan, kuma ana sake sa su a shafin ba tare da sanarwa ba. Akwai gidajen da ke ware kujeru su sayar da safiyar ranar wasan, wasu ta layi a bakin taga, wasu ta ƙuri'a a manhajar waya. A New York, rumfar TKTS da ke Times Square tana sayar da tikitin ranar da rangwame tun 1973, kuma akwai irinta a Leicester Square ta Landan, sai dai wasan da kowa ke rububinsa ba kasafai yake kaiwa can ba. Wasan da ya karɓu sosai akan ƙara masa kwanaki ko a mayar da shi babban gida, kuma waɗanda suka yi rajistar saƙon imel na gidan su ke fara ji. National Theatre kuma tun 2009 take ɗaukar wasu wasanninta ana haskawa a gidajen sinima na ƙasashe da dama, ga wanda tafiya ta gagara.

Zan so ka bar gurbi ɗaya a cikin kasafinka don wasan da ba ka san marubucinsa ba. Sabon darakta yakan sa manyan sunaye don ya cika kujeru ya kwantar da hankalin hukumar gidan, amma abin da ya fi damunsa sau da yawa yana ƙaramin zaure, a hannun marubucin da wannan ne aikinsa na farko ko na biyu. Irin wannan tikitin ya fi sauƙin samu a farkon sayarwa, kuma shi ne ke wuyar samu da zarar labari ya bazu.

Idan saƙon tabbatarwa ya shigo, ka duba rana da sa'a da sunan zauren nan take, domin kuskuren da aka gano a ranar ya fi sauƙin gyara. Ka sauke tikitin a wayarka tun a gida, kada ka dogara da samun intanet a bakin ƙofa, ka kuma sake duba tsawon wasan mako guda kafin ranar, saboda sabon wasa ba a sanin ainihin tsawonsa sai an fara nuna shi. Ka isa da aƙalla rabin sa'a a hannu, domin wanda ya makara akan tsayar da shi a waje har sai an sami gaɓar da shigarsa ba za ta dami kowa ba, kuma a wasan da ba shi da hutun rabin lokaci mai yiwuwa ne ba za a bar shi ya shiga ba sam.