Haɗa jirgin shawagi na rimot da jan sa sama da igiya

Jirgin shawagi ba shi da inji, ba shi da farfela. Dogon fiffike ne da siririn jiki da wutsiya, in ya samu tsayi sai ya riƙa zamewa a kan iska yadda shirwa ke yi da hantsi. Samun tsayin shi ne aikin, kuma hanyar da ta fi tabbas ita ce wani jirgi mai inji ya ja shi da igiya har sama, sannan ya saki. Matuƙa biyu ake bukata, rimot biyu, jirgi biyu. Abin da ya fi cin jirage a wannan wasa ba munin gini ba ne, igiya ce da ta ƙi sakuwa a lokacin da ake so. Don haka wurin da za mu fi daɗewa ke nan.

Fiffike da jiki

Ga mai farawa, fiffike mai tsawon santimita 200 da faɗin 20 ya isa, kuma jirgin gaba ɗaya kada ya wuce giram 800 zuwa 900. Kayan aikin shi ne farin soson nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin firji, ko fallensa da masu kayan gini ke sayarwa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. A zaɓi mai ƙananan ƙwayoyi a matse. Mai manyan ƙwayoyi marmashewa yake yi.

Ba da wuƙa ake yanka siffar fiffike ba, da waya mai zafi ake yi. A samu wayar tsohuwar hita, a miƙar da ita, a ɗaura santimita 55 a jikin katako mai siffar baka, a haɗa da batirin mota. Sai a yanka samfuri biyu na filawud: ƙasa a shafe, sama a gantsare, kaurin da ya fi yawa santimita 2.3 a nisan santimita 6 daga gaba. Wannan kusan ita ce siffar da ake kira Clark Y, mai sauƙin yanka da haƙuri da kuskuren matuƙi. A manna samfurin a gefe biyu na soson, mutum biyu su bi da wayar a tare, ɗaya yana ƙirga lambobin da aka rubuta a jikin samfurin don kada wani ya riga wani. In waya tana hayaƙi tana barin rami mai faɗi, zafi ya yi yawa. In tsakiyarta tana lanƙwasa tana zuwa a baya, ana gaggawa ne, kuma fiffiken zai fito da tsakiya a gurɓace.

A yanka gida huɗu na santimita 50. Biyun tsakiya a haɗa su a miƙe, a binne musu ƙashi a wurin da ya fi kauri: bututun kabon na milimita 8 in an samu, in ba haka ba tsagin busasshiyar gora biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Biyun waje a ɗaga bakin kowanne santimita 5, a ƙarfafa mahaɗar da ɗan filawud. A bayansu ake yanka leɓen fiffike, wato guntun da ke motsi sama da ƙasa yana karkata jirgi, faɗin santimita 4, tsawon 45, kowanne da sarbonsa mai giram 9, wato ɗan injin da ke motsa shi bisa umarnin rimot.

Gam yana da sharaɗi. Sufa-gulu da gam ɗin masu takalmi suna narkar da soso nan take. Gam ɗin kyandir yana riƙewa da safe, amma a ranar Afrilu, jirgi na ajiye a ƙasa, sai ya yi laushi wutsiya ta karkace. Farin gam na kafintoci shi ne na wurare masu faɗi, Araldite kuma na mahaɗa da hanci. A ƙarshe a lulluɓe fiffiken da faffaɗan salatif, daga baya zuwa gaba, kowane layi yana hawa kan na baya kaɗan. Kada a ja salatif da ƙarfi a gefe ɗaya, yana murɗe fiffike. Ƙasan ya zama baƙi ko ja, domin farin jirgi ɓacewa yake a hazon hunturu tun bai yi nisa ba.

Jiki bai da wahala: akwatin filawud na milimita 3 a gaba, tsohuwar sandar kamun kifi a baya, tsawo duka kamar santimita 115. Wutsiyar kwance 50 da 13, ta tsaye 20 da 15, kowacce da leɓenta. Fiffike a ɗaure shi da robar tiyub ba da ƙusa ba, don ya fice in an faɗi. Batirin risiba, wato na'urar da ke karɓar siginar rimot, a can cikin hanci. Sai a ɗora jirgin a kan yatsu biyu, santimita 6 zuwa 6.5 daga gaban fiffike. Ya tsaya daidai ko hanci ya ɗan sunkuya. In wutsiya ce ta rinjaya, a ƙara dalma a hanci kafin a yi maganar tashi.

Masakin igiya

A ƙarshen hanci a manna guntun katako mai tauri, a huda rami na milimita 8 daga gaba, zurfin santimita 2. Sai a huda wani siriri da zai ratsa shi, wanda wayar ƙafar keke za ta riƙa shiga da fita a ciki. Madaukin igiya yana shiga babban ramin, waya ta ratsa ta tsakiyarsa ta kulle shi. Sarbo ya janye waya, madauki ya fice. In wurin ya yi ƙunci, a yi ramin madaukin a ƙasan hanci, waya ta taho a miƙe daga sarbo ta ratsa shi, wannan ma ya fi sauƙin yi.

Abu uku ke hana shi aiki. Na farko sarbo mai haƙoran roba: a tebur yana janyewa lafiya, amma da igiya ta ɗaure sai haƙoran su gurje. A sa mai haƙoran ƙarfe irin MG90S, a maƙala wayar a ramin hannun sarbo da ya fi kusa da tsakiya, nan ne ƙarfi yake. Na biyu bakin waya mai kaushi da ke kama zare. A goge shi da fayil da sanfefa har ya yi santsi. Na uku wayar da ta shige da yawa. Milimita 3 zuwa 4 bayan ta tsallake ramin ya wadatar.

Gwajin kuwa ba na hannu ba ne. A cika gorar ruwa biyu masu lita ɗaya da rabi, kilo 3 ke nan, a rataya su a madaukin, a riƙe jirgin hanci ƙasa, a taɓa makunnin rimot. Gororin su faɗi nan take. A sake yi ana karkata jirgin dama da hagu, domin a sama igiya ba kullum take jan gaba sak ba. In ya yi jinkiri ko sau ɗaya, a kwance a gyara. Makunnin ya zama wanda yatsa ke kai wa ba tare da an kalli rimot ba, kuma a saita risiba ta buɗe masakin da kanta idan sigina ya yanke.

Mai inji da igiya

Jirgin gaba ya zama mai fiffike a sama, tsawon santimita 140 zuwa 150, nauyin kilo 1.4 ko kusa. Injin lantarki mai lamba 3536, kusan KV 1000 (ma'aunin saurin juyawarsa), farfela 11 da 5.5, ESC (na'urar da ke sarrafa gudun inji) mai amfiya 40 zuwa 50, batirin LiPo mai gida uku na mAh 2200. Ƙaramin injin 2212 da ya fi yawa a kasuwa zai ɗaga jirginsa shi kaɗai, amma ba zai ja wani da kyau ba. Tayoyi su kai santimita 8 saboda yashi.

Ba a wutsiya ake ɗaura igiya ba. Wurinta saman jiki ne, daidai bakin bayan fiffike. In aka ɗaura a wutsiya, duk motsin na baya sai ya juya na gaba. Shi ma a yi masa masaki irin wancan. Igiyar magina ta nailan, mita 20, ta isa. A ƙarshenta na baya a ƙulla ɗan zaren kamun kifi da ke tsinkewa a kilo 3 zuwa 4, don ya tsinke kafin fiffike ya karye, a kuma ɗaura jan ƙyalle mita ɗaya kafin madauki. Faɗuwar ƙyallen ce ke nuna an saki.

Fili da lokaci

Gonar da aka girbe tana da faɗi, amma kututturen kara yana yaga soso, yana kuma kama igiya. Filin Idi, filin ƙwallon makaranta ko busasshiyar fadama sun fi, matuƙar akwai mita 60 a share, ba kuka ba wayar wuta a gaba. A nisanci filayen jirgin sama na Kano da Dutse, kada a wuce tsayin mita 120. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta hana tashin jirage marasa matuƙi ba da izini ba, don haka a nemi bayanin ƙa'idarta tukuna. A kuma je wa dagaci da ofishin 'yan sanda da jirgin a hannu su gani, domin a halin da ake ciki abin da ke shawagi a saman ƙauye yana tayar da hankali. Koyo da sassafe ake yi. Daga hantsi zuwa azahar iskar zafi na tashi, ita ce ke riƙe jirgi a sama, amma ita ce kuma ke zuwa da guguwa.

Jan

Kowane jirgi ya tashi shi kaɗai tukuna: mara injin a jefa shi da hannu har ya riƙa zamewa a miƙe. Ranar ja, a jera su suna fuskantar iska, matuƙan biyu kafaɗa da kafaɗa a bayan na baya, yara duka a bayansu. Wani ya riƙe bakin fiffike a daidaice. Na gaba ya matsa a hankali har a ce "ta miƙe", sannan ya buɗe wuta gaba ɗaya cikin daƙiƙa biyu, ba da fizga ba.

Mara injin ne ke fara tashi, kuma nan ne haɗarin. Matuƙinsa ya riƙe shi mita ɗaya zuwa biyu daga ƙasa har na gaba ya ɗaga. In ya haye da wuri, igiya za ta ɗaga bayan mai inji ta kifa hancinsa. In bakin fiffike ya taɓa ƙasa, a saki, ba a gyara wannan.

A sama aikin na baya kaɗan ne: ya daidaita fiffike, ya zauna ɗan sama da na gaba, ya bar igiya ta yi masa kwana. Na gaba ya hau a hankali da gudu ɗaya, ya yi kwana mai faɗi, yana faɗa kafin ya juya. Na baya in ya yanke ta cikin kwana, igiya za ta saki jiki, sannan ta fizge, fizgar kuma ita ce ke jefa jirgi lilo dama da hagu. Lilo in ya kai na uku yana ƙaruwa, a saki. Haka in igiya ta yi ciki sosai, ko ɗaya ya daina gane inda jirginsa ya fuskanta.

Da an kai tsayi, na gaba ya rage wuta kaɗan, na baya ya ce "na saki", a ga ƙyalle ya faɗo, sannan mai inji ya juya hagu ya sauko, mara inji ya yi dama. Mai inji ya ratso fili a ƙasa-ƙasa ya yar da igiyar kafin ya sauka, don kada ta sarƙe a ƙaya ta tsayar da shi a iska. Ja uku ko huɗu a duba batirin mai inji: in kowane gida ya sauko wajen bolt 3.7 a canza shi, a bar shi ya huce a inuwa kafin caji, wanda ya kumbura kuma a daina amfani da shi.